Yadda Ake Gyara Gazawa a Damben Boksin Idan An Haɗa Ƙirji

Samarinmu da suka taso da damben gargajiya a Agege ko Idi-Araba da ke Legas, idan suka koma boksin, wuri ɗaya ake cin su. Sun iya dukan nesa, amma da abokin karawa ya shigo jikinsu sai hannu ya rasa hanya. Dalilin a fili yake: a dambe hannu ɗaya ne na kisa, ɗayan na karewa ne da auna tazara, naushin kuma daga can baya ake ɗauko shi. A boksin, idan goshi ya kusa taɓa goshi, babu filin wannan.

Fara da ƙafa, domin nan ɓarakar take. Kada ka tsaya ƙiƙam kamar turke. Ka ɗan rusuna a gwiwa, ka rage faɗin tsayuwarka zuwa faɗin kafaɗa, nauyinka ya rabu a kan ƙafafu biyu. Mai buɗe ƙafa sosai ba ya iya juya ƙugu, kuma naushin kusa daga ƙugu yake samun ƙarfi.

Sai gwiwar hannu. Manna ta da haƙarƙari, haɓa a sunkuye bayan safar hannu. Da yawa suna ɗaga hannu su rufe fuska, su bar ciki a buɗe. Hanta tana ɓangaren dama, ƙarƙashin haƙarƙari, daidai inda naushin hagu na abokin karawa ke sauka. Wanda aka samu a nan, numfashinsa ɗaukewa yake yi, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, komai taurin zuciyarsa.

Na uku, gajarta naushi. Na gefe da wanda ke tasowa daga ƙasa zuwa haɓa, duka a lanƙwashe hannu yake fita, kuma ya dawo mazauninsa nan take. Kada ka janye hannu baya kafin ka kai duka; wannan sanarwa ce ka ba shi kyauta. Ga atisayen da na fi yarda da shi: ku sami tsohuwar tayar mota a wajen mai faci, kai da abokin atisayenka kowa ya sa ƙafar gaba a ciki. Ku yi turmi uku na minti uku-uku, da hutun minti ɗaya, da rabin ƙarfi. Babu inda za ka gudu, dole ka koyi tarewa da kafaɗa da gwiwar hannu, idonka a kan ƙirjinsa. Roƙona a nan, kada a yi shi babu robar haƙori, kuma koci ya tsaya a kanku.

Doguwar ƙira ma ba ta ceton mutum. A ranar 1 ga Yuni 2019 a New York, Anthony Joshua ya kayar da Andy Ruiz, wanda ya fi shi gajarta, a turmi na 3, sai ya bi shi ciki don ya ƙarasa shi. A nan Ruiz, mai saurin hannu, ya same shi da naushin hagu a gefen kai. Joshua ya faɗi sau huɗu kafin alƙalin wasa ya tsayar da faɗan a turmi na 7. Da suka sake haɗuwa a Saudiyya a watan Disamba, nesa-nesa Joshua ya riƙe Ruiz har ya ci da maki.

Saura fita. Kada ka ja da baya kai tsaye, kai a sama. Hanyar naushinsa ke nan, igiya kuma tana jiranka. Ka kai duka biyu, ka juya a kan ƙafar gaba, ka fice ta gefe. Idan kanka ya fara juyawa, rungume hannayensa ta saman gwiwa har alƙali ya raba ku. Sai dai ka kiyaye: riƙe mutum da hannu ɗaya kana dukansa da ɗayan laifi ne a boksin, ana jan kunne, in ka maimaita a rage maka maki.