Kurakuran da aka fi yi wajen saita shokozoba a motocin tsere na rimot

Duk wanda ya ga motarsa ta rimot tana watsal da baya a kwana, ko tana dukan ƙasa da ciki bayan tsalle, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya canza mai ko ya sayi sabon sifirin. Sau da yawa matsalar ba can take ba. Tun da kamfanin Team Associated ya fito da motarsa RC10 a 1984 da shokozoba na alminiyam masu mai a ciki, har Jay Halsey ya ci gasar duniya ta IFMAR, hukumar tseren motocin rimot ta duniya, da ita a 1985 a Del Mar ta jihar Kalifoniya, ginin abin bai sauya sosai ba: silinda cike da mai, sanda mai shiga da fita, fistin mai ƙananan ramuka, sai sifirin a waje. Kowanne a cikinsu da aikinsa. Yawancin ɓarnar da ake yi daga ɗora wa ɗaya aikin ɗan'uwansa take fitowa, ko kuma daga fara saiti a kan motar da ƙafafunta ba su da lafiya tun farko.

Don haka kafin ka buɗe kwalbar mai, cire shokozoba huɗun duka, ka cire tayoyi, ka ɗora motar a kan wani abu yadda hannayen ƙafafunta za su yi lilo. Ɗaga kowane hannu ka sake shi. Dole ya faɗo da kansa, da nauyinsa kawai. In ya tsaya a hanya ko ya sauko da ƙyar, to akwai abin da ke riƙe shi: ko sandar da hannun ke juyawa a kanta ta lanƙwashe bayan wani karo, ko an ɗaure sukuru fiye da kima, ko ƙasa ta shige ta daskare. Mutane da yawa suna tsallake wannan gwaji saboda ba ya kama da saiti, amma hannu ɗaya mai cijewa ya isa ya sa mota ta riƙa juyawa hagu da kyau tana ƙin dama, kuma babu man da zai gyara hakan. Haka ma notin da ke riƙe kan shokozoba a sama. In ka matse shi har shokozobar ta kasa ɗan motsawa gefe da gefe, ka ɗaure ƙafar da hannunka.

Kuskure na gaba shi ne wanda ya fi yaɗuwa, kuma har waɗanda suka daɗe a harkar suna faɗa masa. A jikin shokozoba akwai zobe mai zare da ke zaune a kan sifirin. Mutum zai ga motarsa ta yi laushi, sai ya yi ta murza zoben ƙasa yana danne sifirin da nufin ya ƙara masa tauri. Zoben ba ya ƙara tauri ko kaɗan. Taurin sifirin yana cikin kaurin wayarsa da yawan naɗinsa da faɗinsa, kuma daga masana'anta ya zo da shi. Abin da zoben ke yi shi ne ɗaga mota ko saukar da ita. Wanda ya danne shi sosai, abin da zai samu shi ne mota mai tsayi da ke kifewa a kwana, ga laushin yana nan yadda yake. In tauri kake so, canza sifirin. Kuma kada launi ya ruɗe ka: shuɗin sifirin na wannan kamfani ba shi ne shuɗin wancan ba, kowa da nasa tsarin launukan, sai ka duba jadawalin kamfanin da ya yi shi.

Shi kansa tsayin mota daga ƙasa ana auna shi ba daidai ba. Wani zai auna babu batir a ciki, wani zai ajiye motar a hankali a kan tebur ya sa ma'auni. Hanyar da ta dace ita ce motar ta kasance a shirye kamar za ta shiga fili, da batir ko da mai a tanki, ka ɗaga ta kamar taƙi ɗaya ko fiye kaɗan a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ka sake ta ta faɗi ta zauna da kanta, sannan ka auna ƙarƙashin shasi gaba da baya. Ƙaramar bagi, wato motar tseren gargada, mai girman 1/10 na mota ta gaske, a filin ƙasa tana zama wajen milimita 22 zuwa 24, a kan kafet kuwa ana saukar da ita ƙasa da 20 saboda riƙon taya ya yi yawa. Babba mai girman 1/8 ta fi haka tsayi da 'yan milimita. Sai bayan tsayi ya zauna ne za ka taɓa kamba, wato ɗan karkacewar da saman taya ke yi zuwa ciki, wanda aka saba barinsa tsakanin digiri 1 da 2. Wanda ya fara da kamba sannan ya canza tsayi ya yi aikin banza, domin kusurwar tana sauyawa da hawa da saukar ƙafa.

Yanzu mu zo kan mai, inda magana ta fi tsawo. Man silikon ake amfani da shi, kuma kaurinsa ana rubuta shi da lamba iri biyu, wt da cSt. Ita cSt ma'auni ce ta kimiyya, ko'ina ɗaya take. Ita kuwa wt kowane kamfani da yadda ya yanka tasa. A wajen Team Associated, 30wt ya yi daidai da cSt 350, 35wt kuma cSt 425, amma kwalbar wani kamfani mai ɗauke da 30 ɗin nan tana iya fin haka kauri ko ruwa. Wanda ya zuba na wannan a gaba, na wancan a baya, yana ganin lambobi sun yi daidai, bai san ainihin abin da ke cikin motarsa ba. Ka tsaya a kan kamfani ɗaya, ko ka riƙa bin cSt.

Babban kuskuren da ake yi da mai shi ne maganin dukan ƙasa da ƙara kauri. Mota ta sauko daga tsalle ta buga ciki, sai a tashi daga 30wt a koma 45wt. Dukan zai ragu, gaskiya ne, amma a gargada tayoyi ba za su iya bin ƙasa ba. Taya za ta hau ƙaramin tudu, man ya hana ta dawowa da wuri, kafin ta taɓa ƙasa wani tudun ya zo, sai motar ta riƙa tsalle-tsalle tana rasa riƙo. A nan ne fistin ke da amfani, kuma shi ne abin da sababbin shiga suka fi mantawa da shi saboda yana ɓoye a ciki. Idan sanda tana tafiya a hankali, kamar lokacin da mota ke kwantawa a kwana, mai yana ratsa ramukan fistin salin alin. Idan ta shigo da ƙarfi, kamar a saukar tsalle, man yana cunkushewa a bakin ramukan, juriya ta ƙaru farat ɗaya, tamkar jama'ar da suka taso gaba ɗaya za su fita ta ƙaramar ƙofa. Wannan cunkoso shi masu harkar ke kira fak. Ƙananan ramuka da mai mai ruwa suna ba da fak mai yawa. Manyan ramuka da mai mai kauri suna ba da kaɗan, ko da kuwa in ka danna su biyun da hannu a kan tebur za ka ji kamar ɗaya ne. Saboda haka filin da ke da manyan tsalle yana son fistin mai ƙananan ramuka, filin da ya farfashe da gargada yana son mai manya. A bagin 1/10 bambancin da ake magana a kai shi ne tsakanin ramuka 2 masu faɗin milimita 1.6 da 2 masu 1.7. Kashi ɗaya cikin goma na milimita ke nan, kuma a fili sai ka ji shi a hannunka. A 1/8 an fi ganin ramuka 8 masu 1.2 ko 1.3.

Ya kamata kuma a daina ɗaukar duk wani dukan ƙasa a matsayin laifi. An gina waɗannan motoci ne yadda shasi zai taɓa ƙasa kafin sandar shokozoba ta ƙure. In mota ta taɓa ƙasa ta zauna ta wuce, lafiya lau. Abin damuwa shi ne ta buga ta sake tashi sama.

Zafi ma yana da hannu. Mai yana ƙara ruwa idan ya ɗumama, shi ya sa direbobi ke ɗan ƙara kauri da rani, su rage da sanyi, da ƙaramin mataki irin 2.5wt. A wasan ƙarshe na gasar duniya ta motocin 1/8 masu injin mai, inda ake yin minti 60 ana tsere, dole a yi la'akari da yadda shokozoba za ta kasance bayan ta yi zafi. Mai tuƙa motarsa a zafin ranar Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, in ya zuba man da aka zaɓa don sanyin Turai, zai tarar motar ta fi yadda aka nufa laushi.

Wajen cika mai ɗin kuma gaggawa ce ke ɓata aiki. Bayan ka zuba, ka motsa sandar sama da ƙasa a hankali ba tare da fistin ya leƙo saman mai ba, za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙarƙashinsa. Jingine ta a tsaye ta huta wasu mintoci har man ya washe. Sannan ka rufe, ka tura sandar ciki a hankali don rarar mai ta fita ta ramin da aka tanada a murfi, kafin ka toshe shi. Dalili shi ne sandar tana cin wuri idan ta shiga, kuma mai ba ya matsuwa. Sai an bar masa 'yar iska ko robar da ke cikin murfi ta ba da wuri. In ka cika maƙil, sandar za ta ƙi shiga har ƙarshe, a saukar tsalle mai ƙarfi kuwa murfin yana iya tashi. Da ka gama, riƙe ta hagu da ta dama ba tare da sifirin ba, ka tura sandunan ciki ka sake. Yadda ɗaya ta dawo, haka ɗayar ya kamata ta dawo. In sun bambanta, sake yi. Wannan aiki yana da gajiyarwa, amma ni ban san wani gyara da ya fi shi biya ba.

Tsawonsu ma a daidaita. Kan roba da ake murzawa a ƙasan sanda, in ɗaya ya shiga fiye da ɗaya da zagaye biyu, ƙafar wannan gefe ba za ta sauka kamar ta wancan ba. Auna sandar da ke waje da ma'auni mai nuna milimita, kada ka dogara da ido. Wannan tsawo shi ke tsara iyakar saukar taya idan mota ta tashi sama. Sauka mai yawa tana taimako a gargada da saukar tsalle. A fili mai riƙo sosai kuwa ana rage ta don kada motar ta kife. Kuma kada ka kama sandar da filaya mai haƙora. Ƙarzane ɗaya ya isa ya riƙa yanka zoben robar da ke tare mai, daga nan sai yoyo. Akwai filaya ta musamman don wannan, in babu ka naɗe sandar da ƙyalle mai kauri. Ka shafa wa zobban ɗan giris kafin ka zura sanda. In ka ga ƙura ta taru ta yi danƙo a gindin shokozoba, alama ce mai na tsattsafowa, lokacin canza su ya yi.

Ramukan da ake ɗaura shokozoba a kansu, a sama da kan hannu, su ma suna canza hali: matsar da ita waje a kan hannu yana ƙara tauri, kwantar da ita ciki a sama yana sa ta fara da laushi. Abin da ake mantawa shi ne duk matsarwa tana taɓa tsayin mota da saukar taya, sai an sake aunawa.

Saura batun kwafar takardar saitin zakaru. Kamfanoni suna fitar da su, kuma suna da amfani, amma kowacce an rubuta ta ne don fili ɗaya da taya ɗaya da yanayi ɗaya. Gasar duniya ta 2015 a Yatabe Arena ta Japan a kan ciyawar roba aka yi ta. Saitin da ya ci a can, ƙasa-ƙasa kuma mai tauri, in ka kai shi filin ƙasa mai yashi motar zamewa kawai za ta yi ta yi. Fara da saitin da ke cikin littafin motarka, ka tabbatar tayar ta dace da filin, domin taya ta fi komai tasiri. Daga nan ka canza abu ɗaya kacal, ka yi zagaye da yawa wani na riƙe maka agogo, ka rubuta abin da ka canza da lokacin da ka samu da zafin ranar. In lokacin bai ragu ba kuma motar ba ta fi sauƙin tuƙi ba, mayar da abin yadda yake kafin ka taɓa na gaba.