Yadda ake sakin ƙwallon zari-ruga ƙasa a buga, irin na Ronan O'Gara

A 2009, a birnin Kadif, ana dab da tashi, ɗan wasan Ailan Ronan O'Gara ya saki ƙwallo ƙasa ya ɗaga ta da ƙafa tsakanin sandunan gola. Ailan ta doke Wales 17 da 15, ta cinye duk wasanninta na gasar ƙasashe shida ta Turai (Six Nations), abin da rabonta da shi tun 1948. Maki 3 ake ba wannan bugun.

Riƙe ƙwallon da hannu biyu, tsininta na kallon ƙasa, samanta ya ɗan karkato wajenka. Sauke hannuwa kusa da gwiwa, ka sake ta kawai. Kada ka jefa, nan yawancin masu koyo ke ɓatawa, don ƙwallon da aka jefa kan faɗi a karkace ta kauce. Da ta taɓa ƙasa ta fara tasowa, buga da saman ƙafa, wajen igiyar takalmi, kanka a sunkuye.

Filayen Kano da rani tauri gare su, ƙwallo na saurin tasowa, jinkiri kaɗan sai ta daki ƙwauri. Share tsakuwa tukuna. Fara daga nisan mita 15 da sanduna, in ƙafa ta saba ka koma layin mita 22.