Kututture a farfajiyar gida: abin da sabon zuwa Amurka zai sani kafin ya taɓa shi

A gida, in an sare itace, ana tone kututturen da diga da gatari, ko a tara masa kara a cinna wuta. A Amurka kada ka gwada wutar. Garuruwa da yawa sun hana ƙona abu a fili sai da izini, kuma saiwa takan ci gaba da cin wuta a ƙarƙashin ƙasa kwanaki bayan ka ɗauka ta mutu. Abin da ake yi a nan shi ne niƙe kututturen da inji mai faifan ƙarfe, wanda aka jera wa haƙora masu tauri a gefensa.

In gidan haya kake, wannan aikin mai gida ne, faɗa masa kawai. In naka ne, fara da kiran lambar 811, ta masu nuna inda bututu da wayoyi suke binne a ƙasa. Kyauta ce, kuma doka ce a kira ta kafin a tona ƙasa. Ka ba su kwana biyu ko uku na aiki, za a zo a yi alama da fenti ko 'yan tutoci: ja na lantarki, rawaya na gas, ruwan lemo na wayar tarho da intanet, shuɗi na ruwan sha, kore na magudanar ƙazanta. Amma ka sani, layukan kamfanoni kaɗai suke nunawa. Bututun ban ruwan ciyawa, wayar da ta tafi gareji, da tankin masai na gidajen karkara, duk kai za ka nemo su da kanka. Bututun ban ruwa ba shi da zurfi, shi ya sa ya fi kowa shan wuya.

Kamfanonin Home Depot da Sunbelt Rentals suna ba da hayar injin, na 'yan sa'o'i ko na yini. Ƙaramin da ake turawa da hannu, mai ƙarfin doki 13, ya ishe ka kututture ɗaya ko biyu da faɗinsu bai wuce inci 12 zuwa 15 ba. In ya fi haka, ko itacen mai tauri ne, ko wurin gangare ne, ɗauko masu sana'ar ya fi maka sauƙi, sau da yawa har da kuɗi. Sukan yi farashi da faɗin kututturen a wuri mafi faɗi, har da gindin saiwoyin da suka bazu. Tambayi zurfin da za su niƙa, ko kwashe ɓarɓashi yana cikin kuɗin, sannan su nuna maka takardar inshora. Auna ƙofar shingenka kuma, don wasu injinan ba sa shiga ƙofa mai inci 36.

In kai za ka yi, duba haƙoran tun a wurin haya. Dakusasshen haƙori yana maida aikin sa'a ɗaya na yini guda. Rage kututturen da zarto mai inji har ya kusa ƙasa, amma kada sarƙar ta taɓa turɓaya, nan take take dakushewa. Tone duwatsun da ke kewaye da shebur, domin faifan yana harba tsakuwa da ƙarfin da ke fasa gilashin taga. Jingina falanki ta ɓangaren gida da mota, a kau da yara, ka sa kariyar fuska da ta kunne da takalmi mai kauri.

Ka ɗaga faifan sama da bakin kututturen na kusa da kai, ka bari ya gama ɗaukar gudu, sannan ka sauke shi kamar inci ɗaya ka share daga gefe zuwa gefe. Sauke kaɗan, sake sharewa. In ka ji injin yana nishi ko yana tsalle, ka cika masa baki ne, ɗaga shi. Kada hannu ko ƙafa su kusanci faifan sai an kashe inji kuma ya tsaya cak. Zurfin inci 4 zuwa 6 ya isa shuka ciyawa. In wani itacen kake son dasawa, gara ka matsa gefe da ƙafa uku ko fiye.

Ɓarɓashin da zai fito ya fi kututturen yawa nesa ba kusa ba, kuma nan mutane suka fi yin kuskure. Sukan maida shi ramin su watsa irin ciyawa a kai. Ɓarɓashin itace in yana ruɓewa yakan janye sinadarin naitirojin daga ƙasa, sai ciyawar ta fito rawaya, wurin kuma ya lotsa. Kwashe mafi yawansa, cika ramin da ƙasar shuka, ka daddanna, ka bar shi da ɗan tudu. Ɓarɓashin yana da amfani a gindin furanni, amma kada ka tara shi jikin bango, don danshinsa na jawo gara.

Wasu itatuwan saiwarsu ba ta mutuwa don an niƙe kututture, za ka ga tofo yana fitowa nan da can. Yi ta yanke shi da injin aske ciyawa duk sanda ya leƙo, saiwar za ta ƙarar da abincinta ta ruɓe, ko da zai ɗauki shekara biyu ko fiye.