Kafin ka sabunta sabar waƙoƙin gida

A gidana a Tudun Wadan Gombe, tsohuwar kwamfuta ce ke riƙe da waƙoƙinmu a kan Jellyfin, manhajar da ke mai da kwamfuta saba, wato inda sauran na'urori ke jawo waƙoƙin. In babbar sabuntawa ta zo, sai in tsayar da sabar tukuna, in kwafe foldar bayanai da ta saituna zuwa filash. Waƙoƙin kansu ba sa zuwa ko'ina, jerin da ka sha wahalar tsarawa ne ke salwanta in sabuntawar ta samu matsala. Sigar Jellyfin ta 10.11 ta sauya tsarin ma'ajiyar bayanai, babu komawa baya sai da wannan kwafin. Kuma ka fara hawa 10.10.7 kafin ita.

Kada ka taɓa komai sai batirin inbata ya cika, wutar gari ba ta da alƙawari. In aikin ya ja lokaci, ƙyale shi, kar ka kashe na'urar.