Kurakuran masu neman Marsandi Pagoda

Duk wanda ya ga Marsandi 280 SL, tsohuwar motar da ake yi wa laƙabi da Pagoda saboda siffar rufinta na ƙarfe, an gyara ta tsaf, an sauke rufinta, sai ransa ya biya. A Geneva aka fara nuna samfurin a 1963 da sunan 230 SL, zanen Paul Bracq, kuma har aka daina ƙera shi a 1971 guda 48,912 kaɗai kamfanin Mercedes-Benz ya fitar. Ƙarancin nan ne ya ɗaga kuɗinta, shi ne kuma yake sa sababbin shiga su rufe ido su biya. Na gaji da ganin ana faɗawa rami ɗaya.

Na farko, mutane fenti suke saye, ba mota ba. Wannan motar ba ta da wani firam na daban da aka ɗora jiki a kai. Jikin ne ƙashin bayanta. Idan tsatsa ta ci daɓen ƙasa da ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi da cikin but, to ta ci motar, komai ƙyallin saman. Gara a ba ni mai koɗaɗɗen fenti da ƙarfe lafiyayye. Ni ba na maganar kuɗi sai an ɗaga ta sama na shiga ƙarƙashinta da tocila, na kuma ɗaga kafet. Ina tafiya da ɗan mayen ƙarfe in bi gefunan tayoyi da shi: inda ya ƙi kamawa, ciko ne fanabita ya lafta. Amma kada ka kai shi jikin ƙofa ko bonet ko murfin but ka fara hayaniya da mai mota, su dama alminiyam ne tun daga masana'anta. Buɗe bonet ka duba ɗigo-ɗigon walda na asali da ke jere a gefen ciki. Idan wajen ya yi sumul, an canza ɓangaren, sai ka tambayi dalili.

Na biyu shi ne wanda yake tayar mini da hankali: barin kowane makanike ya taɓa famfon mai. Injinta mai silinda shida ne, kuma famfon Bosch ne yake auna mai yana tura wa kowace silinda, ba kwamfuta, ba kafireta. Tawa ta zo hannuna bayan wani gwani ya murɗa duk wani sukurun da hannunsa ya kai, wai tana shan mai. Tana tashi da ƙyar, tana baƙin hayaƙi, kuma abin da na kashe kafin ta dawo daidai ya isa sayen wata ƙaramar mota. Wani ma cewa ya yi in cire famfon a ɗora kafireta a huta. Haba malam! In ba ka san abu ba, ka ce ba ka sani ba mana. Ƙa'idata ita ce a fara da fulogi, da lokacin wuta, da matatar mai, da sandunan da suka haɗa totur da famfon. Sai duk waɗannan sun daidaita ake zargin famfo, shi ma wanda aikinsa ke nan ake kai wa.

Sai masu ajiye ta a gareji kamar kayan ɗakin amarya. Fetur yana lalacewa a tanki, robobi su bushe, birki ya kafe. Ni duk mako nake fita da ita har injin ya yi zafi sosai.

Sauran ƙanana ne. Nemi katin bayanan motar na kamfani ka gwada lambar inji da launi kafin ka biya. Kada ka sauya taya mai inci 14 da manya don ado. Rufinta na ƙarfe da ake cirewa, mai lotsawa a tsakiya, yana da nauyi, mutum biyu ke ɗaga shi. Kada a naɗe rufin yadi yana jiƙe. Wadda aka ƙera don Amurka fitilunta daban ne da na Turai. In ka canza su, ajiye na asalin a kwali, mai saye na gaba zai tambaye ka.