Yadda za ka shirya fayil kafin ka kai gidan rediyo

Idan za ka kai shiri ko talla wani gidan rediyo a Sakkwato, gyara shi tun daga gida.

Da farko, ajiye muryar a tsarin WAV (nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba), 48 kHz, bit 16 (ma'aunan ingancin sautin ke nan). MP3 ma tana shiga, amma saƙon murya na WhatsApp kam a'a, an riga an matse shi sosai, ingancinsa ya ragu.

Sai sunan fayil. Kada ka sa ƙ, ɗ da ɓ, domin tsofaffin manhajoji kan mayar da su shirme. Rubuta kamar haka: 2025-03-14_noma.wav.

Lokacin fitar shirin kuma da lissafin awa 24 ake shigar da shi. Ƙarfe takwas na dare 20:00:00 ne. In ka sa 08:00:00, shirinka zai fita da safe.

Kafin ka tafi, roƙi mai kula da na'ura ya kunna maka shi.