Yadda ake shirya tsohuwar Land Cruiser kafin doguwar tafiya

Mutane da yawa in tafiya ta taso musu sai ana gobe za a tashi su kai mota gareji a juye baƙin mai, a wanke ta tas, shikenan wai an yi sabis. Wallahi wannan bai isa ba, musamman in taka irin tsofaffin Land Cruiser ɗin nan ce masu injin 1HZ mai silinda shida mai shan gas, wanda Toyota ta fara fitarwa tun 1990. Shi injin yana da juriya ba laifi, amma duk wani abu na roba da ke kewaye da shi ya tsufa, su tiyo da bel da sil, kuma su ne ke ajiye mutum a daji. In hanyar taka irin ta Damagaram zuwa Agadas ce ta Tanut, sama da kilomita 400 ga zafi ga ramuka ga nisa tsakanin gari da gari, to ka ba motar sati biyu kafin ranar tashi.

Ka fara da ɓangaren ruwa, don zafi shi ne babban abokin gabar tsohuwar mota. Da safe kafin a tayar da inji ka buɗe lagireto ka leƙa, in ruwan ya yi ja kamar kunun kanwa tsatsa ce ta cinye ciki, a sauke shi gaba ɗaya a kai a wanke, kar ka yarda a zuba ruwa ta sama kawai a ce an wanke. Ka matsa tiyon sama da na ƙasa da hannunka, wanda ya yi tauri ƙam ko ya kumbura wajen kilif ko ya yi laushi lugub a canza shi. Murfin lagireto ma ka sayi sabo, ba tsada gare shi ba amma in robarsa ta mutu ruwa zai riƙa tafasa da wuri. Sai fanka, in inji ya ɗau zafi ka kashe mota ka juya ta da hannu, ya kamata ka ji tana ɗan riƙewa, in kuwa ta yi ta walagigi ba nauyi to kulocin fankar ya gama aiki, kuma ba za ka gane ba sai ka shiga yashi da kaya allurar zafi ta fara hawa. Wani abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wasu makanikai ke cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, su jefar wai ƙasarmu da zafi. Don Allah a sa mai kyau a bar shi a wurinsa, kamfanin da ya ƙera injin ai ya san da sahara.

Daga nan sai taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin a inji. A tsofaffin 1HZ duk kilomita 100,000 ake canza shi, har da wata fitila a dashbod mai rubutun T-BELT, amma kar ka dogara da ita don ana iya kashe ta ba a taɓa bel ɗin ba. In ba ka san ranar da aka canza na ƙarshe ba kawai ka canza, tare da tenshona ɗinsa mai ɗame shi, saboda in ya tsinke kana gudu fistin ne zai daki bawul, tafiya ta ƙare a nan. A wannan wurin kar ka yi arahar kaya, ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko inda kake sayen kayan gyara da makanikenka ya zaɓo da idonsa. Fanbel kuma a sa sabo, tsohon in da sauran rai ka jefa shi bayan mota.

Baƙin mai da filtarsa kowa ya sani. Filtar gas ita ake mantawa, a sa sabuwa ka riƙe guda biyu a mota, don man jarka na bakin hanya ba ya rasa datti ko ruwa, kuma ka ce makanike ya nuna maka yadda ake danna famfon da ke saman filtar a fitar da iska, aikin minti biyar ne amma in ba ka iya ba sai ka kwana a wurin.

Yanzu a ɗaga motar a shiga ƙarƙashi. Ka kama tayar gaba sama da ƙasa ka girgiza, in tana ƙwas-ƙwas boris ne ya saki, a buɗe a duba a cika giris. Ka haska bayan tayar wajen ƙwallon ƙarfen nan na aksil, ɗan maiƙo kaɗan ba komai, amma in ka ga baƙin giris ya tsinke yana ɗiga har kan taya to sil na ciki ya mutu man aksil ya gauraya da giris, a gyara kafin ya shiga birki. A duba man giya da na tiransifa mai raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya, da na aksil gaba da baya, wanda ya fito fari-fari ruwa ya shige shi. A buga wa furofela giris, a duba sifirin da shokazoba da bushin, a juye man birki in ya yi baƙi. Giyar fowil kuma, wato mai sa tayoyi huɗu su ja, ka nemi fili mai ƙasa ka saka ta ka gani tana shiga tana fita, motoci da yawa sun shekara a cikin gari ba a taɓa ta ba.

Taya ba zane kaɗai ake kallo ba. A gefenta akwai rubutun DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne sati da shekarar da aka yi ta, misali 2318 sati na 23 ke nan a 2018. Wadda ta haura shekara shida ko gefenta ya fara tsattsagewa kar ka ɗora mata kaya a kwalta mai zafi, ko da zanenta na nan raɗau. Safaya biyu ta fi, da jak mai kyau da guntun katako mai kauri da za ka ɗora shi a kai a cikin yashi, da famfon iska da geji, saboda in ka shiga yashi za ka rage iska zuwa wajen PSI 20 a geji, in ka dawo kan hanya mai tauri dole ka mayar. Batir a matse kansa a ɗaure shi tam kar ya riƙa tsalle.

Wajen lodi, kaya masu nauyi kamar jarkokin gas da na ruwa su zauna ƙasa a tsakiyar mota a ɗaure, saman kariya na katifa ne da tabarma, in ka jibga nauyi a sama motar za ta riƙa rangaji a kwana. Ruwan sha aƙalla lita biyar kowane mutum a rana, ban da na lagireto. Ka haɗa da shebur, igiyar ja, sifanu, fis, waya, tocila da galan ɗin baƙin mai.

In an gama duka, saura kwana huɗu ko biyar, ka cika tanki ka loda mata kaya kamar na ranar tafiya ka yi kilomita ɗari ka dawo, idonka na kan allurar zafi, rediyo a kashe kana sauraron ƙafafu. Ka sake cika tankin ka ga lita nawa ta sha, da wannan za ka lissafa jarka nawa za ka ɗauka, ka ƙara a kai don yashi na shan mai. Washegari ka leƙa ƙasan inda ta kwana ko wani abu ya ɗiga, a sake bin notin tayoyi da kilif ɗin tiyo. Sannan ka je tasha ka tambayi direbobin da suka sauko a satin yaya hanya take, ina ake samun mai, ina ne ba a bi in yamma ta yi, in da wata motar da za ku tashi tare ku daidaita lokaci.